Inji Ya Faɗi Cuta: Alhakin Mara Lafiya Yana Wuyan Wa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ɗauki misalin wani manomi a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, can wajen iyaka da Jihar Bauchi. Tun kaka yake fama da tari, ga zufa da dare, ga rama. Ya sha sassaƙe, ya sha na kemis, abin sai gaba yake yi. Daga bisani 'yan'uwansa suka sayar da buhun gero, suka ɗauko shi zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. To, hoto ba ya magana, sai an sami mai karanta shi. Likitocin da suka ƙware a kan karatun hoto kuwa ba su da yawa a ƙasar nan, mafi yawansu kuma suna manyan birane. Sau da yawa likita ɗaya ne zai duba wannan hoton, ya koma ɗakin haihuwa, ya dawo ya tarar da layin marasa lafiya har bakin ƙofa.

A yau an sami wata na'ura wadda za a nuna wa irin wannan hoto, kafin minti ɗaya ta ce akwai alamar tarin fuka ko babu. Ita ce ake kira ƙirƙirarriyar basira. A cikin watan Maris na shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da ita wajen tace masu tarin fuka, ga wanda ya kai shekara 15 zuwa sama. Akwai wadda ake kira CAD4TB daga ƙasar Holan, akwai qXR daga Indiya. Ƙungiyar KNCV ta yi yawo da irinta a cikin mota a Kano, an kuma ƙera ƙaramar na'urar ɗaukar hoto wadda ma'aikaci zai goya a baya ya shiga da ita ƙauye. Abin da ya iso Kano kuwa bai yi nisa da Birnin Kudu ba. Saboda haka ya kamata Musulmi ya san matsayin wannan abu tun kafin ya tarar da shi a ƙofar gidansa.

Shin Duba Ne?

Tambayar farko da ke zuwa bakin mai tsoron Allah ita ce: ashe wannan ba duba ba ne? Ga abu ba shi da rai, ya kalli takarda ya faɗi abin da ke cikin ƙirjin mutum. Ai Imamu Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Amsar tana cikin sanin yadda abin yake aiki. An tara hotunan ƙirji dubbai bisa dubbai, waɗanda aka riga aka san na mai cuta da na mai lafiya, aka yi ta nuna wa kwamfuta har ta riƙe kamannin tabon da cutar ke yi wa huhu. In an kawo mata sabon hoto sai ta gwada shi da waɗanda ta gani, ta ba da maki. A CAD4TB makin daga 0 yake zuwa 100. Ke nan alama take karantawa, kamar yadda makiyayi ke duban kashin saniya ya gane ba ta da lafiya, ko manomi ya dubi gabas ya ce hadari ya haɗu. Boka da mai bugun ƙasa suna da'awar sanin abin da ba shi da wata alama, wannan shi ne shisshigi cikin gaibu. Tabon da ke cikin huhu kuwa abu ne da ya riga ya auku, fata da ƙashi ne kawai suka rufe shi. Malamai sun yi irin wannan bayani sa'ad da na'urar duba ciki ta zo, mutane suka ɗauka ta ci karo da ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman. Suka ce ganin siffar ɗan tayi bayan an halitta shi daban, sanin arzikinsa da ajalinsa da makomarsa daban, wannan na Allah ne Shi kaɗai.

Haka kuma neman na'ura ba ya warware tawakkali. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin wani mutum da ya ji rauni a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kira mutum biyu daga Banu Anmar. Annabi ya tambaye su wane ne ya fi sanin magani a cikinsu, ya kuma sanar da su cewa Wanda ya saukar da cuta Shi ya saukar da magani. Watau neman wanda ya fi ƙwarewa ma sunna ne. Sayyidina Umar da ya ji labarin annoba a Sham ya juya da jama'arsa daga Sarg, ya nuna wa mai tambaya cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Magabatan ƙasar nan su ma ba su raina ilmin magani ba, gama Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kansa, har da na ciwon ido da na basir.

Amfanin Da Ba A Musunsa

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, wata shida ake sha. Babbar matsalar ita ce gano masu shi, domin mutum yakan yi watanni yana tari a cikin iyalinsa, a ɗaki ɗaya da yara, a sahu ɗaya da jama'a, bai san abin da yake ɗauke da shi ba. Idan na'ura za ta iya tace mutum ɗari a ranar kasuwar Sara ko ta Basirka, ta ware goma da za a gwada kakinsu, to ta ceci su goman, ta kuma ceci waɗanda da za su ɗauka daga gare su. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya daidaita raya rai ɗaya da raya mutane duka.

Ba a ƙirji kaɗai abin ya tsaya ba. A shekarar 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yarda da wata na'ura mai duba hoton cikin ido ta gane ɓarnar da ciwon sukari ya fara yi, ba tare da likitan ido yana wurin ba. Duk wanda ya ga magidanci ya makance da tsakar ƙarfinsa, yaro yana jansa da sanda, ya san darajar gano wannan da wuri. Na'ura ba ta gajiya, ba ta jin yunwa, ba ta duban rigar mara lafiya kafin ta duba hotonsa. Wanda ya hana talaka wannan alheri don tsoron sabon abu kawai, shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Amma fa na'ura tana kuskure, kuma kuskurenta yana da wata siffa da ta bambanta da na mutum. Likita in ya yi shakka yakan ɓata fuska, ya sake tambaya, ya kira abokin aikinsa. Ita kuwa da murya ɗaya take faɗin daidai da kuskure. Sa'an nan in likita ɗaya ya karkace, marasa lafiyarsa kaɗai abin ya shafa, in na'ura ta karkace, duk inda aka kai ta haka za ta karkace.

Abin da aka koya mata shi ta sani. A shekarar 2019 masu bincike a Amurka suka gano cewa wani tsarin kwamfuta da asibitoci ke amfani da shi wajen zaɓen waɗanda suka fi bukatar kulawa yana tauye baƙar fata. Dalili kuwa shi ne an koya masa ya auna tsananin ciwo da yawan kuɗin da aka kashe wa mutum a asibiti, alhali an saba kashe wa baƙar fata kaɗan ko da ciwonsu ya fi tsanani. Babu wanda ya zauna ya ce a yi zalunci, zaluncin da ke cikin jama'a ne na'urar ta haddace. A shekarar 2020 kuma kamfanin Google ya ba da rahoton gwajin na'urarsa ta duba ido a wasu ƙananan asibitoci na ƙasar Tailan. Abin da ya yi kyau a ɗakin bincike sai ya ƙi karɓar wajen kashi ɗaya cikin biyar na hotunan da ma'aikatan jinya suka ɗauka, saboda hasken ɗakunan bai kai yadda ya saba ba, ga kuma intanet mai jan ƙafa. Wanda ya san ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta a ƙauyukan Jigawa ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. Har wa yau an lura cewa na'urar ƙirji takan ruɗe da tabon tsohon tarin fuka da ya riga ya warke, ta ɗauka sabo ne. Shi ya sa makinta ba hukunci ba ne, sai an gwada kaki a ɗakin awo kafin a ɗora mutum a kan magani.

Akwai wani wuri kuma da ya fi wannan zurfi. An ce na'ura maki take bayarwa. To, daga maki nawa za a ce a gwada kakin mutum? Wannan iyaka mutane ne ke sa ta. In an saukar da ita ƙasa, za a kama masu cuta da yawa, amma kayan gwaji za su ƙare a kan masu lafiya. In an ɗaga ta sama, za a yi tattalin kaya, amma wasu masu cuta za su koma gida an ce musu lafiya lau. Ke nan a cikin abin da ake gani kamar lissafi ne tsantsa, akwai hukuncin wani ɗan Adam da ya zaɓi yawan waɗanda za a bari su wuce. Manomin Gwaram bai san da wannan mutum ba, shi ma bai san da manomin ba, amma Allah Ya san su duka biyu.

Wa Zai Ɗauki Lamuni?

A ce na'ura ta ba manomin nan maki kaɗan, ma'aikaci ya sallame shi, bayan wata huɗu ya rasu, 'ya'yansa biyu kuma suka kamu. Ajali dai ba ya wuce lokacinsa, amma Shari'a ba ta taɓa karɓar ƙaddara a matsayin uzurin sakaci ba. Alhakin yana wuyan wa?

Na'ura ba mukallafa ba ce. Ba ta da niyya, ba ta tuba, ba za a tashe ta ranar hisabi ba. Saboda haka faɗin cewa inji ne ya yi kuskure bai sauke nauyi daga kan kowa ba. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai sun riga sun ba da ma'auni. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid an bayyana cewa abin da dabba ta tattake, lamuninsa yana kan mai hawanta da mai janta da mai korarta. Ba a kai jaki gaban alƙali, mai jakin ake kaiwa. Haka kuma karen farauta da aka horar, wanda Suratul Ma'ida ta halatta abin da ya kamo: horonsa bai mai da shi mafarauci ba, mai shi ne ya sake shi, shi ne ya ambaci sunan Allah, shi ne mai farautar. Na'urar da aka horar da hotuna ita ma kayan aikin mai ita ce.

In an bi wannan ma'auni, lamunin yana rabuwa gwargwadon hannun kowa. Wanda ya ƙera ta, in ya san aibinta ya ɓoye don ciniki, ya yi algus, algus a kan rai kuwa ya fi na mudu muni. Hukumar da ta sayo ta ta baza ba tare da ta gwada ta a kan mutanen ƙasar ba, ita ce mai korar dabbar cikin kasuwa. Ma'aikacin da ya ga mutum yana tarin jini, ya rame kamar kara, amma ya sallame shi don allo ya nuna maki kaɗan, ya ajiye idon da Allah Ya ba shi ya ari na wani.

Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito cewa wanda ya shiga yin magani alhali ba a san shi da ilminsa ba, to shi ne mai lamuni. Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya haɗa alƙalanci da likitanci, ya rasu a shekarar 1198, ya rarrabe tsakanin gwanin da ya yi kuskure, wanda diyyarsa ke kan danginsa a wurin mafi yawan malamai, da wanda ba ahalin sana'ar ba ne, wanda ake ɗauka mai ta'addi. Wannan rarrabewa tana da muhimmanci a yau, domin babban haɗarin na'ura shi ne ta sa wa jahili rigar gwani. Yaron da ya yi wata uku yana share kemis, in ya sami waya mai ba da amsa, sai ya ɗauka ya zama likita. Wayar ba ta fitar da shi daga hukuncin wancan hadisi ba.

Hukuma ma tana da abin koyi a tarihi. A shekara ta 319 bayan Hijira, watau 931, wani mara lafiya ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani. Halifa Muƙtadir ya ba da umurni kada wanda ya sake yin magani sai Sinanu ɗan Sabit ya jarraba shi, aka jarraba mutum fiye da 800. In an jarraba mutum kafin a sake shi a kan marasa lafiya, na'ura ta fi cancantar a jarraba ta, kuma a nan inda za ta yi aiki, da hotunan mutanen nan.

Amanar Sirri

Hoton ƙirji da sakamakon jini da tarihin ciwon mace sirri ne da aka ba likita amana. Na'urorin nan kuwa da irin waɗannan bayanai suke girma, wasunsu ma sai sun aika da hoton ta intanet zuwa wata ƙasa kafin amsa ta dawo. A shekarar 2023 Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, amma tsohuwar da ta zo daga Kila ko Fagam ba ta karanta doka, ba ta kuma karanta takardar Turancin da aka ce ta dangwala. Yardar da ba a fahimci abin da aka yarda da shi ba, a Shari'a ko a ciniki ba ta da ƙarfi, balle a kan jiki.

Mutanen wannan yanki sun san abin da rashin bayani ke haifarwa. A shekarar 1996, lokacin Jigawa tana da shekara biyar da fita daga Jihar Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano lokacin annobar sanƙarau, a cikin yara wajen 200. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ne ba, kamfanin ya musa laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009. Zargin da wannan ya shuka yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003, yara da yawa suka shanye a banza. Duk mai son na'ura ta karɓu a ƙauye, to ya fara da gaskiya: a gaya wa mutum da Hausa cewa inji ne zai fara duba hotonsa, ga inda hoton zai je, ga wanda zai gani, kuma yana da ikon ya ce likita ya sake dubawa.

Likita A Cikin Aljihu

Tun ƙarshen shekarar 2022 da ChatGPT ya fito, samari da 'yan mata suka sami abin da za su tambaya game da ciwo a asirce. Yana da amfani wajen fahimtar bayanin da likita ya yi a gaggauce. Amma an san shi da ƙaga amsa in bai sani ba, ya jera ta tsaf kamar gaskiya, Hausarsa kuma ba ta kai Turancinsa ba. Ba ya jin zafin jikin yaro, ba ya ganin farin ido, ba ya ganin kumburin ƙafar mai ciki. Uwar da ta tsaya tambayar waya alhali ɗanta yana suma, ta ɓata sa'o'in da ba sa dawowa. Wanda kuma ya kwafi amsar waya ya aika wa 'yan'uwa a matsayin magani tabbatacce, ya shiga cikin gargaɗin da aka yi wa mai ba da labarin duk abin da ya ji.

Abin Da Ya Rage Wa Mutum

Akwai tsoron da ya kamata shugabanni su ji, watau a wayi gari an ce ƙauye ya sami na'ura, saboda haka ba ya bukatar likita. In haka ta faru, mai hali zai ga mutum a Kano ko Abuja, talaka ya ga allo, an raba jama'a gida biyu ke nan da sunan ci gaba. Koyon likitanci farilla ce ta kifaya a kan al'umma, sayen inji bai sauke ta ba. Makarantar koyon jinya da ke Birnin Kudu tana bukatar ɗalibai daga Gwaram da ƙauyukanta, maza da mata, waɗanda za su koyi aikin har su iya gane ranar da na'ura ta kauce, su kuma sami ƙarfin halin saɓa mata.

Sa'an nan gaida mara lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan Musulmi, ba a wakilta inji a kansa. Sanar da magidanci cewa cutarsa mai tsanani ce, da zaɓen kalmar da ba za ta karya masa zuciya ba, da tuna masa cewa ciwo kaffara ne, da lallashinsa ya cika wata shida yana shan magani ko da ya ji sauƙi a wata na biyu, duk wannan aikin mai zuciya ne. Na'ura tana iya nuna inda tabo yake. Warkarwa kuwa, kamar yadda Annabi Ibrahim ya shaida a Suratush Shu'ara, ta Allah ce.

Saboda haka manomin Gwaram ya tsaya gaban na'ura ba tare da ƙyama ba, ya kuma tambayi ma'aikaci ko ya duba da idonsa. Ma'aikacin ya karɓi taimakonta, amma ya tuna cewa sunansa ne a kan takarda a duniya, shi kuma za a tambaya a lahira. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya tsare bayinSa daga ɗaukar alhakin rai. Amin.